Wanda Aka Bari da Saƙo

Daren wata Alhamis, bayan sallar isha'i, ƙanena ya same ni zaune a ƙofar gidanmu da ke Aboabo, a nan Kumasi. Ya tsuguna gefena ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yaya, jibi zan kama hanya. Don Allah kada ka gaya wa Mma sai na wuce Bawku." Ban tambaye shi inda ya nufa ba, domin duk wanda ya tashi a zango ya san yadda hanyar take: Yamai, Agadas, sai sahara, sai Libiya. Shekara uku ke nan yana tuƙa keken haya mai ƙafa uku na wani mutum. Kullum sai ya kai wa mai keken kasonsa, ya zuba mai, abin da ya rage kuwa daga hannu sai baki. Na yi masa nasiha iyakar iyawata, har na tuna masa cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ya amsa mini cikin ladabi cewa abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Bayan ya tashi na kasa barci, kuma a cikin juye-juyen nan na tuna cewa na taɓa karanta irin wannan dare a littafi. Marigayiya Ama Ata Aidoo, fitacciyar marubuciyar ƙasarmu, ta fitar da tarin gajerun labarai a 1970 mai suna No Sweetness Here. A cikinsa akwai labarin wata dattijuwa a arewacin Gana, M'ma Asana, wadda surukinta Issa ya zo wa da dare ya shaida mata cewa zai tafi kudu neman aiki. Matarsa Hawa ba ta daɗe da haihuwa ba, goron da ake sa rai da shi kuma ya lalace. Aikin da zai je yi shi ne yankan ciyawa. Da dattijuwar ta nuna masa cewa ga ciyawa nan ta kewaye gida, sai ya nuna mata cewa a kudu biyan mutum ake yi idan ya yanke ta. Ya tafi a daren bai yi sallama da matarsa ba, ya bar wa surukarsa nauyin faɗa mata da safe.

Da na fara karanta labarin a makaranta, Issa na riƙa bi da zuciyata, ina son in san ko ya isa, ko ya samu. Marubuciyar ba ta faɗa ba. Ta bar shi ya shige duhu, ta zauna tare da matan da aka bari. A nan ne muke jin cewa mijin M'ma Asana ma, wanda soja ne, haka ya tafi ya mutu a yaƙin Turawa, ya bar ta da goyo. Labarin ya ƙare tana shirin zuwa kasuwa da 'yan kuɗin da ke hannunta, ta sayo busasshen kifi ta yi wa mai jego miya mai daɗi. A lokacin na ɗauka an gutsure mini ƙarshen labari. Sai a daren Alhamis ɗin nan na fahimci cewa marubuciyar ta san inda nauyin tafiya yake sauka, shi ya sa ta tsaya a can.

Wannan ita ce baiwar gajeren labari idan ya zo kan talauci. Ba shi da filin da zai bi mutum shekara ashirin har ya ga ya yi arziki, don haka sai ya kama dare ɗaya, ko wasiƙa ɗaya, ya ƙirga mana abin da ke cikinsu dalla-dalla. Talaka ma ai da irin wannan ma'auni yake auna rayuwarsa: kuɗin cefanen yau, bashin mai shago, kuɗin ɗaki na ƙarshen wata.

Marubucin Rasha Anton Chekhov ya yi haka tun a 1886, a labarinsa Vanka. Yaro ne maraya ɗan shekara tara, an kai shi Mosko koyon ɗinkin takalma. A daren jajibirin Kirsimeti, da maigidan da iyalinsa suka tafi coci, sai ya ɗauko takarda ya rubuta wa kakansa, wanda ke gadi a ƙauye, yana roƙonsa ya zo ya ɗauke shi. Ya ba shi labarin dukan da ya sha don barci ya sace shi yana jijjiga jaririn gidan, da yunwar da yake kwana da ita. Ya so ya gudu da ƙafa, amma shi da ke zaune a gidan mai ɗinkin takalma ba shi da takalmin da zai taka ƙanƙara. Da ya gama, ya rubuta a bayan ambulan cewa a kai wa kakansa a ƙauye, ya ƙara da sunan tsohon, bai sa sunan ƙauyen ba. Ya jefa a akwatin gidan waya, ya kwanta yana mafarkin kakan na karantawa. Mai karatu ya san wasiƙar ba za ta isa ba, yaron ne kaɗai bai sani ba. Ga shi kuma gudun nasa daga birni ne zuwa ƙauye, akasin na Issa. Kowannensu yana hangen sauƙi a wurin da ɗayan yake neman tserewa daga irinsa. Duk wanda ya taɓa ganin yarinyar da aka turo daga arewa tana ɗaukar kaya a Kejetia, tana kwana a bakin shago, ya san Vanka ko da bai taɓa jin sunansa ba.

To, wanda ya isa fa? Ousmane Sembène na Sanagal ya amsa wannan a tarinsa Voltaïque na 1962. Diouana 'yar aiki ce a gidan wasu Faransawa a Dakar, kuma ba ta da burin da ya wuce ganin Faransa. Iyayen gidanta suka tafi da ita garin Antibes, a bakin teku. Faransar da ta samu ita ce kicin da wanki da reno, ba mai kiranta hira, ba wanda take jin harshensa a zuci. A ƙarshe ta kashe kanta a banɗaki, jarida ta ba da labarin a 'yan layuka. Sembène ya mayar da labarin fim a 1966. Bai nuna Diouana a matsayin wawiya ba. Burinta na gaskiya ne, talaucin da ta baro ma na gaskiya ne, kuma wannan ne ya sa labarin yake da ciwo.

Mu mutanen zango bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba, domin mu kanmu jikokin matafiya ne. Kakanninmu fatake ne da malamai da 'yan ci-rani, waɗanda suka biyo hanyar goro ta Salaga, suka sauka suka kafa zango. Sunan unguwar tamu ma yana nufin masauki ne. Amma labarin tafiya da muke ba juna a majalisa kusan kullum na wanda ya dawo da mota ne, boga daga Jamus ko Amurka, wanda ya gina wa uwarsa gida ya kai ta Makka. Ba mu cika zancen wanda wayarsa ta daina shiga ba, ko matar da ta shekara bakwai tana jira ba a san ta da aure ko babu ba. Ɗanmu na Kumasi, Mohammed Naseehu Ali, ya taɓo rayuwar unguwanninmu a littafinsa The Prophet of Zongo Street na 2005, inda muka haɗu da Mallam Sile, mai shayin da 'yan unguwa ke shan shayinsa bashi su ƙi biya. Da Turanci ya rubuta. Ina fatan ranar da matasanmu za su rubuta irin waɗannan da Hausarmu, yadda uwa za ta ji a karanta mata ta gane gidanta a ciki.

Abin da na ƙaru da shi daga waɗannan marubuta shi ne ba su zagi mai tafiya ba, ba su kuma yi masa kirari ba. Sun ƙirga kuɗin tafiyar ne gaba ɗaya, har da kason da waɗanda ba su taka ko'ina ba suke biya. Shi ya sa ban ƙara yi wa ƙanena faɗa ba. Da asubar Asabar na raka shi tasha, na sa masa abin da ya sawwaƙa a aljihu, na rubuta lambar wayata a takarda na ce ya ɗinke ta cikin wandonsa, saboda waya tana iya ɓata a hanya. Ina tsammanin Vanka ne ya sa ni yin haka.

Ranar Lahadi da hantsi ya aiko da saƙo cewa ya ƙetare iyaka. Na shiga wurin Mma na same ta tana wanke geron kokon gobe. Na durƙusa na faɗa mata. Ba ta ɗago ba, kuma da yake ni ɗan fari ne, ba ta ambaci sunana ba. Ta ce, "Kai, ya tafi da bargo kuwa? An ce sahara da sanyi da dare." Na ce ya tafi da shi. Ta ce Allah ya tsare, ta ci gaba da wankin geronta. Washegari tun kafin kiran assalatu ta hura wuta, ta fita da koko da ƙosai bakin titi kamar kullum.

Yau wata goma sha ɗaya ke nan. Yana Sabha yana aikin filasta, wani lokaci ya aiko da 'yan kuɗi, wani lokaci a yi mako uku ba a ji ɗuriyarsa ba. Kwanan baya ya turo hotonsa a jingine da wata farar mota. Mma ta daɗe tana kallon hoton a wayata, sannan ta miƙo mini ta ce, "Ya rame."