Ina Naƙasasshen Yaro Zai Kwana?

'Yan'uwana ɗalibai, ana koya mana yadda za mu zaunar da yaro cikin aji, amma ba safai ake zancen inda yake kwana ba, balle in naƙasasshe ne. Ni mutumin Nguru ne, a Gashuwa kuwa na yi gwajin koyarwa. Ga abin da na fahimta.

A dā, in mutum ya makance ko ya gurgunce, danginsa ne ke ba shi ɗaki. In baƙo ne, sai ya nemi Sarkin Makafi ko Sarkin Guragu ya saukar da shi cikin 'yan'uwansa. Kutare kuwa mazauni dabam aka yi musu, kamar Yadakunya kusa da Kano, da Molai kusa da Maiduguri, inda 'yan mishan suka yi jinyarsu. Yanzu kuturta tana warkewa da magani, ba sauran dalilin ware kowa.

A watan Janairu na 2019 aka sa hannu kan dokar tarayya mai hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta ce in makaranta, ko ma'aikata, ko gwamnati za ta ba da wurin kwana, naƙasasshe za a fara dubawa. Amma fa sai da shaida, watau likita ya duba mutum, kāna hukumar naƙasassu ta ƙasa, wadda aka kafa a 2020, ta ba shi takarda.

Akwai wani yaro a ajina wanda shan inna ta lalata masa ƙafafu. Ambaliyar 2022 ta rushe gidansu, suka koma haya a ɗaki mai dogon dokin ƙofa, bayan gida kuma can nesa. Kansa na ja ƙwarai, makarantar kwana yake so, amma mahaifinsa ya ce, "Malam, wa zai riƙa ɗaukarsa?" Bai taɓa jin labarin dokar nan ba. Muka zauna na rubuta masa takardar neman shaidar likita, da wata ta roƙon gado kusa da ƙofa.

Har na bar Gashuwa amsa ba ta zo ba, ina dai sauraro. To, jama'a, iyaye da yawa ba su iya karatu ba, mu kuwa mun iya. In ba mu karanta musu hakkin 'ya'yansu ba, wa zai karanta? Allah ya sa mu dace, amin.