Ƙafa uku ta Kano, rami biyu na Tasawa

Wa bai taɓa ganin wannan ba? Ka yi dogon tanadi, ka sayo firiji ko dutsen guga daga Kano ko Jibiya, ka zo gida da murna, sai kan wayar ya ƙi shiga firiz ɗin bango. Shi ƙafa uku masu faɗi, bangon kuma rami biyu zagayayyu.

Kayan ba su da laifi, gado ne na Turawa biyu. Mu nan Nijar tsarin Faransa muka tarar: rami biyu, da ɗan ƙarfe mai fitowa wanda ke kai wuta ƙasa in ta ɓalle. Najeriya ta bi na Ingila, wanda aka fito da shi a 1947, kuma cikin kan wayar akwai fis da ba ya wuce amfiya 13, mai tsinkewa in wuta ta yi yawa. Ƙarfin wutar kam kusan ɗaya ne, bolt 220 zuwa 230. Ai ma layin da ke ba jihar Maraɗi wuta ta Katsina ya biyo zuwa Gazawa.

To, me muke yi? Mu faɗi gaskiya: wuƙa muke ɗauka mu yanke kan, mu cusa tsiraran wayoyi cikin ramin, mu danne da tsinken ashana. A gidanmu haka muka yi wa dutsen guga, har ranar da muka ji ƙaurin roba, muka tarar bangon ya yi baƙi, ga tabarmar yara a gindinsa. Allah ne ya kiyaye. Da wuƙar nan mun zubar da fis, mun zubar da wayar ƙasa, wato masu gadi biyu a lokaci guda.

Maganin bai kai kuɗin firiji ba. A kira mai gyaran wuta ya sa kan da ya dace da bangon, ya haɗa wayar ƙasa yadda ya kamata. In adafta za a saya, a duba mai karɓar ƙafa ta ukun, ba wadda ke lilo a rami ba. Kayan gwanjo kuma a karanta bayansu: in an rubuta 110 ko 120 kaɗai, na Amurka ne, wutarmu za ta ƙona shi.

'Yan kasuwarmu masu ɗauko kaya, don Allah ku riƙa gaya wa mai saye tun a shago, kafin ya kai gida ya nemi wuƙa.