Ramuka Huɗu a Jikin Tsohuwar Mota

Masu iya magana kan ce da tsohuwar zuma ake magani. Na daɗe ina karantar da wannan karin magana a aji, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wane irin tattali tsohon abu yake bukata kafin ya yi maganin ba, sai da zaman karatu ya kai ni ƙasar Amurka a shekarar 2013, na kama hayar ɗaki a gidan wani dattijo a birnin Madison.

Dattijon nan ya haura shekara saba'in, matarsa ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa kuma kowa ya kama gabansa. Tun ranar farko ya ce in riƙa kiransa da sunansa kamar yadda suke yi a can, bakina ya kasa. Na ce masa a wurinmu ba a gatsa sunan babba, saboda haka Baba zan ce. Ya yi dariya ya amince, shi kuma ya laƙaba mini Farfesa, alhali ko babi ɗaya na kundin digirina ban kammala ba.

A garejin gidan akwai wata mota lulluɓe da tamfal. Ford Mustang ce ƙirar 1967, launin kore mai duhu, wadda ya saya sabuwa yana saurayi. Tana cikin jinsin da Amurkawa suke kira motoci masu ƙwanji, watau waɗanda aka cusa wa ƙaton inji mai silinda takwas a jiki matsakaici. Yayinsu ya kankama ne a 1964, shekarar da Pontiac GTO da Mustang ɗin kanta suka fito, ya kuma dushe bayan tsadar mai ta 1973 da dokokin rage hayaƙi da hauhawar kuɗin inshora. Injin tasa lita 6.4 ne, mai ƙarfin doki 320. Idan ya tayar da ita har gilasan tagar ɗakina sai sun amsa.

Wata ranar Lahadi cikin bazarar 2014 ya ce in raka shi shan iska bayan gari. A miƙaƙƙen titi motar nan ba ta da makusa. Amma da muka iso wata kwana bayan an ɗan yi yayyafi, sai ya murɗa sitiyari, motar ta kwanta gefe guda kamar kwalekwale, gabanta ya ƙi bin umarni. Da ya ɗaga ƙafa daga totur kuma sai bayanta ya zame. Muka tsaya cikin ciyawa, tsakaninmu da wata bishiya bai fi taku uku ba. Ni dai salati kawai nake yi. Baba ya daɗe riƙe da sitiyari bai ce uffan ba, can ya ce, "Jikata na yi wa alkawarin motar nan."

Daga ranar ya shiga wasiwasi. Abokansa masu tara tsofaffin motoci suka ce kada ya kuskura ya taɓa ta, domin darajarta a kasuwa tana ga kasancewarta yadda ta fito daga masana'anta. Shi kuwa ya san cewa in ya bar ta haka, ko dai ta zama kayan kallo a gareji, ko kuwa wata rana ta ɗauki yarinyar ta kai ta inda ba a dawowa. Da sanyi ya shigo, lokacin da ake zuba gishiri a tituna don narkar da ƙanƙara kuma masu tsofaffin motoci suke ɓoye su gudun tsatsa, sai ya ɗaga ta bisa jak ya ce, "Farfesa, zo ka riƙe mini fitila."

A ƙarƙashin motar nan na koyi abin da kanikawanmu suke nufi da kayan ƙafa. Ya nuna mini cewa injin na zubin baƙin ƙarfe ne, nauyinsa duk ya taru a gaba. Baya kuwa aksul guda ne sandararre, ɗaure a kan sifirin mai falle-falle irin na akori-kura. Robobin da ke tsakanin gaɓoɓi sun shekara 47, sun bushe sun tsattsage, shakazoba kuma duk sun zubar da mansu. Ya ce maƙeranta sun ba ta ƙarfin gudu, amma ba su ba ta ƙafar da za ta ɗauki ƙarfin ba.

Sannu a hankali muka bi aikin. Muka fara da sauya robobi da gaɓoɓi, domin a cewarsa banza ne ka ɗora sabon ƙarfe a kan ruɓaɓɓiyar roba. Muka sa sababbin sifirin da shakazoba. Muka cire siririyar sandar da ke haɗa ƙafafun gaba biyu, muka sa mai kaurin inci ɗaya, wadda za ta hana motar kwanciya a kwana. Birkin gaba na ganga ne, mai saurin zafi ya saki, muka musanya shi da na faifai. Duk abin da muka cire, ko da noti ne, sai Baba ya wanke shi, ya shafa masa giris, ya sa a kwali, ya rubuta suna da kwanan wata.

Saura aiki guda, wanda ya yi mako uku yana kewaye shi. Hannun sama na kowace ƙafar gaba yana ɗaure ne da jikin motar ta ramuka biyu. Yadda aka ƙera ta, idan ta jingina a kwana sai tayar waje ta karkace ta tsaya a kan gefenta, riƙon titi ya ragu. Wani injiniyan Ford mai suna Klaus Arning ya gano cewa in aka saukar da ramukan da inci ɗaya, watau kimanin santimita biyu da rabi, tayar za ta fi zama daram a kan titi, kuma an yi amfani da dabarar a motocin Shelby GT350 na 1965. Sai dai wannan gyara yana bukatar huda jikin motar, ramin da aka huda kuwa ba a mayar da shi kwali.

Abin ya taɓa ni ne domin ni ma a lokacin ina cikin irin wannan tsaka mai wuya. Kundina a kan wasu waƙoƙin ajami ne na wani malami daga zuriyarmu, waɗanda takardunsu suka fara cinyewa. Ina son mayar da su boko don matasa su iya karantawa, amma akwai baitocin da masu kwafa suka ɓata, ma'auni ya karye. In na gyara, ina tsoron in sa wa mamaci magana a baki. In na bari, mai karatu zai yi tuntuɓe ya ɗauka malamin ne bai iya ba. Na yi wata shida ban rubuta layi ɗaya ba.

Daren da Baba ya yanke shawara, ya auna wurin sau uku, ya ɗora na'urar huda, hannunsa ya kama rawa. Ya miƙo mini ya ce idona ya fi nasa. Ni da ban taɓa huda ko gwangwani ba, na yi bismilla na huda ramuka huɗu a jikin motar da ya yi shekara 47 yana tattali. Da muka gama ya shafa tsofaffin ramukan da yatsa ya ce, "Ga su nan ba mu toshe ba. Wanda ya zo bayanmu, in ya ga mun yi kuskure, ya san inda zai mayar."

Ba duka gyaranmu ne ya yi daidai ba. Da muka fito gwaji a watan Mayun 2015, sai muka tarar sifirin ɗin bayan da muka sa ya yi tauri da yawa, motar tana tsalle a kan kowane gargada, tayoyin baya suna rabuwa da ƙasa. Dole muka sake kwancewa muka sa mai sauƙi. Bayan an daidaita tayoyi muka koma kwanar nan tamu. Motar ta shiga ta fita lafiya lau, rurin injinta kuwa yana nan yadda yake tun 1967. Baba bai ce komai ba, amma ya juya ya sake bi ta wurin har sau biyu.

A wannan makon na koma kan kundina. Na buga waƙoƙin da boko, na sa hoton ajamin a shafin da ke fuskantarsu, duk kalmar da na gyara kuma na nuna abin da na tarar da dalilin da ya sa na taɓa shi. Haka nake horon ɗalibaina a yau, musamman ku da kuke karatu nesa da gida, kuke fargabar ko Hausarku za ta gurɓace in kun shigo da sabon abu cikinta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, muddin ka adana abin da ka cire, ka kuma bar alamar inda ka taɓa.

Baba ya rasu a 2020. Bayan 'yan watanni jikarsa ta aiko mini da hoton motar a bakin wani tafki, ta ce da ita ta je can, kwalayen kuma suna nan jere a gareji da rubutun hannunsa. Ta tambaye ni ko na san wanda ya huda ramukan, domin bakaniken da ya duba mata motar ya ce ɗaya ya ɗan karkace. Na amsa mata cewa na san shi, malamin adabi ne, a yi masa uzuri.