Yadda kwastoma yake haifar kwastoma: darasi daga wayar da ke hannunka



Ɗan uwa, ka tuna wanda ya fara sa maka Xender a waya? Da wuya a ce talla ka gani a talabijin. Wani ne zai turo maka fim ko karatu, ya ga ba ka da ita, sai ya fara turo maka manhajar kanta ta Bluetooth. Bayan kwana biyu kai ma ka yi wa wani haka. Kamfanin bai biya ku ko sisi ba, amma ku biyun kun yi masa aiki. Wannan shi masana kasuwanci suke kira zagayen bunƙasa, wato a tsara sana'a ta yadda duk wanda ya shigo, amfanin da zai yi da kayan shi zai jawo wani.

Ni gyaran waya nake yi, karatuna bai wuce sakandire ba, amma zaman teburin gyara ya nuna min abin nan ƙuru-ƙuru. Talla kamar jan ruwa ne a rijiya, duk guga sai ka sa ƙarfi, ranar da ka daina ja ruwa ya tsaya. Shi kuwa zagaye kamar kiwo ne, akuya ta haihu, 'ya'yan su girma su ma su haihu.

Duba WhatsApp. A 2009 Jan Koum da Brian Acton suka kafa ta a Amurka. Ba ta da amfani in kai kaɗai ne a kanta, dole ka matsa wa yayanka da abokinka su sauke. Su ma da sun shigo sai su ja nasu, kuma duk wanda ya ƙaru, amfaninta a wurinka ya ƙaru. A 2014 Facebook ya saye ta a kan kusan dala biliyan 19, lokacin masu amfani da ita sun kai miliyan 450, ma'aikatanta kuwa ba su kai 60 ba. Ka ga dai ba ma'aikatan ne suka bi gida-gida ba. Tun kafin nan, a 1996, Hotmail ta riƙa liƙa ɗan layi a ƙasan duk wasiƙar da aka aika, mai gayyatar wanda ya karɓa ya buɗe nasa imel kyauta. Dropbox kuma sai ta ce in ka gayyato wani, kai da shi za a ƙara muku wurin ajiya, cikin wata 15 ta tashi daga mutum dubu 100 zuwa miliyan 4.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne wanda nake gani kullum a shago. Tecno da Itel da Infinix duk na kamfani ɗaya ne, Transsion da ke Shenzhen a ƙasar Sin. Ga yadda nasu yake juyawa: wayoyin sun yi yawa a hannun mutane, don haka masu shigo da kayan gyara suna kawo sikirin da batir da bakin cajinsu da yawa, saboda sun san ba za su kwana ba. Kaya in ya yi yawa sai ya yi sauƙi. Mu masu gyara kuma tun muna yaran shago a kansu muka koyi aiki, mun san ciwonsu tun kafin a kwance. To sai mutum ya zo ya ce min, "Malam, wacce waya zan saya wa Hajiya?" Wallahi abin da nake fara dubawa shi ne in ta fashe za a samu sikirinta a Farm Centre cikin kuɗi kaɗan? Sai in ambaci wadda na san kayanta na nan. Ya saya, wayoyin suka ƙara yawa, kayan gyara suka ƙara sauƙi. Akwai wayoyi masu kyau da nake jin nauyin ba da shawarar a saya, don kawai in sun lalace sai an yi sati ana neman kayansu.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi, don a nan ake gane zagaye na gaske. A ce kana da kwastoma 100, kuma duk mutum 10 suna kawo maka 5. Za ka samu 50, su kawo 25, su kuma su kawo 12, a hankali abin ya mutu kafin jimillar ta kai 200. Ba laifi, ka samu ƙari, amma sai ka koma jan guga. In kuwa duk mutum 10 suna kawo 12, to 100 za su kawo 120, su kawo 144, haka abin zai yi ta hawa. Sannan ka duba tsawon lokacin da zagayen yake ɗauka. Na Xender minti biyar ne. Nawa kuwa sai wayar wani ta lalace, wanda zai iya ɗaukar watanni, shi ya sa shagon gyara ba zai taɓa girma da saurin manhaja ba.

Sai dai ka sani, zagaye yana juyawa baya. Wa ya tuna 2go da BBM? Lokacin da abokanka suka fara komawa WhatsApp, kai ma ka daina leƙawa, rashinka kuma ya sa wani ya daina. Yadda aka shigo a jere haka aka fice a jere, har aka rufe BBM ta jama'a a 2019.

Akwai kuma na bogi, kuma shi ne ya fi cin kuɗin mutanenmu. MMM ta tsayar da biyan mutane a Disambar 2016, CBEX ta rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025. Su ma "kawo mutum a ba ka" suke cewa. Ga yadda za ka bambance: ka tambayi kanka, in yau aka daina shigowa, akwai abin da zai rage mai amfani? WhatsApp ko ba sabon mutum za ka ci gaba da gaisawa da 'yan uwanka. Wancan kuwa kuɗin na baya ake ba na gaba, ranar da layi ya yanke shi ke nan.

To kai mai sayar da data ko ɗinki, ke mai turaren wuta ko cincin, ya za a yi? Ni dai ga abin da nake yi. Duk wayar da na gyara ina ba da garantin sati biyu, in matsalar ta dawo ba na karɓar kuɗin aiki. Ina nuna wa mutum tsohon kayan da na cire a gabansa. Wanda ya turo min wani, ran da ya zo ina sa masa gilashin kariya kyauta, shi ma wanda aka turo ina rage masa wani abu, don kada mai turowar ya ji kamar ya sayar da abokinsa. Kuma duk sabon kwastoma sai na tambaye shi wa ya turo shi, in rubuta a littafi. Ƙarshen wata nake ƙirgawa in ga mutum nawa suka zo ta hannun wani. Ribar da ta shigo kuma nake ƙara kayan aiki da ita, aiki ya ƙara kyau, masu turowa su ƙaru.

Kai ma ka zauna da biro da takarda ka amsa abu uku. Me kwastomanka yake yi da kayanka wanda wani zai gani? Me zai samu in ya kawo wani? Kwana nawa ake ɗauka kafin wanda aka kawo shi ma ya kawo nasa? Amma kafin duk wannan ka gyara aikinka, domin in aikin ba kyau, bakin da zai yi maka talla shi zai yaɗa sunanka da sharri, kuma labarin ɓarna ya fi saurin zaga unguwa.

Allah ya sa albarka a nemanmu, amin.