Karon da Tarihi Ya Hana Mu Gani

A makon nan mai kamawa za a fara wata karawar ƙwallon kwando wadda babu gidan rediyon da zai kawo labarinta, babu kuma filin da za a share dominta. Houston Rockets ta kakar 1993-94 za ta gwabza da Chicago Bulls ta kakar 1995-96, wasa bakwai, wadda ta riga cin huɗu ita ce zakara. Wanda ya san tarihin gasar NBA ta Amurka zai ce ai wannan ba ta taɓa yiwuwa, tunda shekara biyu ce tsakanin ƙungiyoyin, 'yan wasan kuma duk sun yi furfura yanzu. Gaskiyarsa. A cikin na'ura za a yi ta.

Mu goma sha shida ne a gasar. Yawancinmu a fada ɗaya muka sha shayi a Damagaram kafin neman abinci ya watsa mu, wani Yamai, wani Agadas, wani Kano, wani har Kumasi. Kowa ya zaɓi ƙungiya ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin da ke cikin wasan kwamfuta na NBA 2K. Babu mai juya ɗan wasa da hannunsa. Na'ura ce ke buga ɓangarorin biyu, tana aiki da lambobin da aka ba kowane ɗan wasa, waɗanda ba su wuce 99: gudunsa, tsallensa, iya jifarsa, da irin abin da ya saba yi in ƙwallo ta shigo hannunsa. Aikinmu na koci ne. Wasa minti 48 ne, mutum biyar ne a fili, ke nan kana da minti 240 da za ka raba wa yaranka, ka faɗi wa zai tsare wa, ka faɗi inda za a riƙa kai ƙwallo. Sai ka aika wa alƙalinmu, wani malamin makaranta a Yamai wanda na'urar ke ɗakinsa. Bayan lisha ya kunna wasa ɗaya, ya ɗauka da salula ya turo mana.

Ni ke riƙe da Rockets. Mai Bulls kuwa taubashina ne, ɗan kawuna da ke Maraɗi, wanda tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba. Ranar da ta tabbata mu ne za mu haɗu a zagayen ƙarshe, saƙon muryarsa ne ya riga na kowa shigowa: "Bawana, in ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Wannan karon ubangidanka yana gari."

Wanda bai san asalin gardamar ba zai ɗauka barkwanci ne kawai. A 1984 aka ɗauki sababbin 'yan wasa, Hakeem Olajuwon haifaffen Legas ne na farko, Michael Jordan na uku. Jordan ya ci kofi uku a jere da Bulls, 1991, 1992 da 1993. A watan Yuli na 1993 aka kashe mahaifinsa, a Oktoba ya ce ya bar wasan. Shekarun biyu da suka biyo, 1994 da 1995, Hakeem ne ya ɗauki kofin. Daga nan Bulls ta sake jera uku, 1996 zuwa 1998. Ba su taɓa haɗuwa a wasannin fid da gwani ba ko sau ɗaya. Shi ya sa har yau akwai masu cewa kofunan Hakeem aro ne, mai gida ya yi tafiya aka ba shi ajiya. Irin gardamar da ake yi ce a bakin shayi kan kokawa, ko Kantu na Maraɗi zai ka da Issaka Issaka na Dosso da zamani ya haɗa su.

Maganar nan ta daɗe tana yi mini zafi, kuma ina da hujjojina. Jordan ya dawo a Maris na 1995, ya buga wasannin fid da gwani na shekarar, Orlando Magic ta Shaquille O'Neal ta fitar da shi, sannan Rockets ta lallasa Orlandon huɗu da nema. A shekaru ukun da Bulls ta fara cin kofi kuma, ƙungiyoyin sun haɗu sau shida a wasannin kaka, Rockets ta ci biyar. Amma hujja ba ta taɓa rufe bakin taubashi ba, don haka bari mu duba abin da ke ƙasa.

Bulls ta 1995-96 ba abar wasa ba ce. Ta ci wasa 72 ta faɗi 10, a gidanta sau biyu kacal aka doke ta cikin wasa 41, a zagayen fid da gwani ta ci 15 ta faɗi 3. Jordan na zuba maki 30.4 a kowane wasa. Dennis Rodman na cafe ƙwallo 14.9 cikin waɗanda suka bugi kwando suka dawo. Shi da Jordan da Scottie Pippen duk ukun suna cikin mutum biyar da aka zaɓa a matsayin gwanayen tsaro na shekarar. A benci akwai Toni Kukoc da Steve Kerr. Kocinsu Phil Jackson yana amfani da tsarin Tex Winter, inda mutum uku ke tsayawa a gefe ɗaya kamar duwatsun murhu, ƙwallo na zagayawa har sai mai tsaro ya yi sake.

Tawa ƙungiyar ta ci 58 ta faɗi 24, bayan ta buɗe kaka da nasara 15 a jere. Hakeem na cin maki 27.3, yana cafe 11.9, yana doke jifa 3.7 a sama a kowane wasa. A shekarar aka ba shi gwarzon gasa, gwarzon tsaro, da gwarzon wasannin ƙarshe, kuma shi ne mutum na farko da ya haɗa ukun a kaka ɗaya. Tsarin koci Rudy Tomjanovich mai sauƙin faɗi ne: a ba Hakeem ƙwallo a gindin kwando, sauran su baje a waje. In mutum ɗaya ya tsare shi, ya ci. In biyu suka rufar masa, ya miƙa wa Kenny Smith ko Vernon Maxwell ko Robert Horry su yi jifan maki uku.

Inda nake da ƙarfi a bayyane yake. Mai tsaron gindin kwandon Bulls shi ne Luc Longley, dogo ne mai mita 2.18, amma ƙafarsa na da nauyi. Hakeem kuwa mai tsaron raga ne a ƙwallon ƙafa, ya kuma buga ƙwallon hannu a Legas kafin ya san kwando, daga can ya samo ƙafar da yake yaudarar mutane da ita: ya nuna dama, ya juya hagu, ya ɗaga kamar zai jefa, sai ka tashi sama shi yana ƙasa yana jiranka. Rodman ya ga wannan da idonsa a 1995, lokacin yana San Antonio, sa'ad da Hakeem ya riƙa zuba wa David Robinson maki 35.3 a kowane wasa, alhali Robinson ne gwarzon shekarar. Taubashina yana da dogaye huɗu, Longley, Bill Wennington, John Salley da James Edwards, kowanne kuma laifi shida ne ke fitar da shi. Na san zai yi ta turo su ɗaya bayan ɗaya su gajiyar da mutumina.

Inda nake da rauni ma ba ɓoyayye ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kakar 1993-94 Hakeem kaɗai aka gayyata wasan taurari daga Rockets. Clyde Drexler bai zo ba sai Fabrairun 1995, don haka ba ya cikin yarana. Otis Thorpe zai yi fama da Rodman, Horry zai sha gudu a bayan Pippen, Maxwell kuma shi zan ɗora wa Jordan, in yi addu'a. Abin da ya fi damuna shi ne Kenny Smith. Masu tsaron New York Knicks sun takura shi ƙwarai a wasannin ƙarshe na 1994, har sai da sabon yaro Sam Cassell ya ceci wasa na uku da maki bakwai na ƙarshe. Yanzu zai fuskanci Ron Harper, wanda ya fi shi tsawo da faɗi. Na riga na yanke cewa Cassell ne zai riƙa ƙarasa mini wasa.

Akwai kuma batun doka, wanda muka ƙuri'anta tun farkon kaka, muka zaɓi dokokin yau. Wannan ya cuce ni ta wani gefe, ya taimake ni ta wani. A zamanin Hakeem haramun ne mai tsaro ya tsaya a sarari yana gadin yanki. Ko ka bi mutuminka, ko ka tafi gaba ɗaya ka rufar wa mai ƙwallo. Sai a kakar 2001-02 aka halatta tsaron yanki. Da dokar yau Pippen zai iya tsayawa tsakanin Horry da Hakeem, hannu ɗaya nan ɗaya can, ya hana ƙwallon ma shiga. Ribata kuwa tana kan layin maki uku. Daga 1994-95 zuwa 1996-97 an matso da layin daga mita 7.24 zuwa 6.7. Kashi 51.5 cikin 100 da Kerr ya ci a 1995-96 daga gajeren layi ne. Nawa yaran daga dogon layi suka saba jifa, kuma shi ne a fili yanzu.

To ta ina zan bi? Sai in rage wa wasan gudu. A wasannin ƙarshe bakwai na 1994 babu ƙungiyar da ta kai maki 100 ko sau ɗaya. Na shida ya tashi 86 da 84 bayan Hakeem ya taɓa jifan John Starks a daƙiƙar ƙarshe, na bakwai ya tashi 90 da 84. A irin wannan taɓon nake son jan Bulls. Duk ƙwallon da aka ƙwace mana a tsakiyar fili, maki biyu ne kyauta ga Jordan ko Pippen. Hakeem yana buga kusan minti 41 a kakar, zan ƙara masa kaɗan, amma na'ura na lissafin gajiya, in na cika masa kaya a wasa na farko zan biya a na biyar.

Wani daga cikinmu ya kawo shawarar a maimaita karawar sau ɗari a ga wadda ta fi yawan ci, wai nan ne gaskiya za ta fito. Na ƙi, kuma ban ɓoye dalilina ba. In aka ɗauka Bulls na da damar cin kowane wasa kashi 60 cikin 100, lissafi ya nuna damarta ta riga cin huɗu ta kai kusan kashi 71. Duk yadda aka ƙara yawan wasanni, mai ƙarfi ake ƙara wa dama. Ni kashi 29 ɗin nan nake nema. Sannan mutanen da muke kwaikwayo ba a taɓa ba su sau ɗari ba. Starks jifa ɗaya aka ba shi a daren nan. Dokarmu tun farko ita ce sau ɗaya ake kunnawa, ba a sakewa sai in wuta ta ɗauke a tsakiyar wasa, shi ma a gaban shaida. Ba mu sa kuɗi. Amanar da muka ba alƙali ita ce jarin gasar duka, domin ranar da wani ya yi zargin an sake masa wasa a ɓoye, ranar za mu watse, kuma wannan ce kaɗai fadar da ta rage mana.

Na san akwai abin da na'ura ba ta da lambarsa. Ba ta san cewa Hakeem yana azumi yana wasa ba, har aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairu na 1995, watan da ya dace da Ramadan. Ba ta san zafin kan Maxwell ba, wanda a watan nan dai ya hau cikin 'yan kallo a Portland ya naushi mutum aka dakatar da shi wasa goma. Ba ta san abin da ya kwantar da Jordan a ƙasa yana kuka ba ranar 16 ga Yunin 1996, ranar da Amurkawa ke girmama uba, bayan ya ci kofinsa na farko ba mahaifinsa. Mu da muka taso muna kallon tsofaffin kaset, Hakeem shi ne mutumin da ke kallon gabas kamar mu, mai suna irin na unguwarmu, da ya je can ya zama na ɗaya. In na ji an ce aro aka ba shi, sai in ji kamar da mu ake. Na'ura ba za ta goge wannan maganar ba ko da na ci huɗu da nema, taubashi zai ce ai kwamfuta ce. In kuwa na faɗi, zai ce gani ya kori ji. Ta kowace fuska dai bakinsa a buɗe yake.

Duk da haka akwai abin da aka aza. Wanda ya faɗi zai tsara wa gwarzon ɗayan kirari, ya karanta da muryarsa, kowa ya ji, kuma ba a yarda da gatse ba. Ku dubi girman abin: ni, in zauna in wasa Jordan a gaban ɗan kawuna.

In kun tambayi hankalina, Bulls ce a wasa shida. Hanyata ɗaya ce: in saci ɗaya cikin biyun farko a Shikago, Longley ya yi laifi biyu tun zangon farko, Horry da Maxwell su ci jifan da Pippen zai bar musu. In haka ta faru za a kai na bakwai, kuma a 1994 sau biyu aka kai Rockets wasa na bakwai, da Phoenix da Knicks, duka biyun ta ci. Na riga na aika wa alƙali rabon mintina. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Allah Ya ba mai rabo sa'a, Ya bar mu tare.