Fulorens: Lambun da Ba Ya Buɗewa Sai Wata Guda a Shekara

'Yar uwa, idan Allah ya kai ki birnin Fulorens na ƙasar Italiya tsakanin ƙarshen Afrilu da wajen 20 ga Mayu, ki ware rabin yini ki hau tudun da ake kira Piazzale Michelangelo. Kowa yana hawa ne don ya hango gari daga sama. Ga kogin Arno ya ratsa tsakiya, ga tsohuwar gadar Ponte Vecchio da shaguna a bisanta, ga makekiyar ƙubbar babban cocin garin da ta haura shekara 500 a tsaye. Yawancin baƙi da sun ɗauki hoto sai su sauka. Ke kuwa ki karkata gefen gabas na filin. A nan ƙofar lambun furen airis take, shiga kyauta ce, kuma in kin kuskure waɗannan makonni sai baɗi.

Airis shi ne furen da Larabawa ke kira sausan. Ganyensa dogo ne mai tsini kamar takobi, a jere kamar mafici. Furen yana da falle shida, uku a tsaye, uku sun sunkuya ƙasa, kuma a irin da aka fi shukawa akwai wani layin gashi a kan sunkuyayyun, shi ya sa ake ce masa mai gemu. Da shi aka san Fulorens. Yana jikin tambarin garin, ja a kan fari, tun shekarar 1251. Kafin nan fari ne a kan ja, sai ɓangaren da ya karɓi mulki ya juya launukan.

An kafa lambun a 1954 domin gasar duniya ta masu haɗa sababbin irin airis. Faɗinsa ya kai kamar hekta biyu da rabi a gangaren tudu, cikin itatuwan zaitun. Za ki bi siraran hanyoyi kina gangarawa, dama da hagu fure ne: shunayya, fari, ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan ƙasa, har da mai duhun da za ki rantse baƙi ne. Launi ɗaya ne ya gagara, wato ja wur irin na tambarin gari, har akwai kyauta ta musamman ga wanda furensa ya fi kusa da shi.

Yadda ake gasar ne ya fi burge ni. Mai shiga ba fure yake aikowa ba. Saiwa yake aikowa, mai kauri da gaɓa-gaɓa kamar ɗanyar citta. A shuka ta a lambun, a lura da ita har shekara uku, sannan alƙalai su zo. Lamba kawai suke gani a jikin shuka, ba su san mai ita ba. Ke nan mutum zai iya shafe shekaru yana haɗa iri a Amurka ko Ostareliya, amma nasararsa tana hannun wanda ya binne saiwar ya ba ta ruwa a makonnin farko. A nan ne airis ke rayuwa ko ya mutu, a lambun gasa ko a bayan ɗakinki.

Ki dubi gindin shukokin da kyau, za ki ga abin da zai ba ki mamaki. Bayan saiwar a waje yake, rana tana dukansa, kamar an manta ba a rufe ba. Da gangan ne. Airis mai gemu ɗan ƙasar tsakuwa ne da rani mai tsawo. Ruwa da abincinsa yana cikin saiwar nan a ajiye, don haka ƙishi bai cika kashe shi ba. Laima ce ajalinsa. Wannan ne ya sa gangaren tudu ya karɓe shi, domin ruwan sama ba ya kwana a gindinsa.

To ga yadda ake yi, musamman ga 'yan uwa da ke zaune a ƙasashe masu sanyin hunturu, inda irin wannan fure ya fi jin daɗi. Ana shuka shi daga Yuli zuwa Satumba, aƙalla mako shida kafin sanyi mai daskarewa ya sauka. Ki zaɓi inda rana ke samu na awa shida ko fiye. Ki tona rami marar zurfi, ki tara ɗan tudu a tsakiyarsa, ki ɗora saiwar a kai, ki baza ƙananan jijiyoyin su sauka ta gefe, ki rufe su ki danna ƙasar sosai. Bayan saiwar ki bar shi a fili, ko ki yayyafa masa ƙasa kaɗan in wurin akwai zafin rana mai tsanani. Tsakanin wannan da waccan ki bar santimita 30 zuwa 60. Ganyen kuma a rage shi zuwa kamar santimita 15, don kada iska ta riƙa girgiza shukar kafin ta kama.

Ranar shuka ki ba ta ruwa ta ƙoshi, domin ƙasa ta manne da jijiyoyi. Daga nan sai ki riƙe hannunki. Kafin ki sake ɗaukar bokiti, ki tura yatsa cikin ƙasa kamar gaɓa biyu. In kin ji danshi, ki koma ɗaki. In ta bushe, ki zuba a gefe, a hankali, ya ratsa ƙasa sosai, da safe, ba a kan ganye ba. Gara ruwa mai yawa jefi-jefi da yayyafi kullum. Cikin mako biyu zuwa huɗu za ki ga sabon ganye ya leƙo daga tsakiyar maficin, alamar ta kama ke nan. Daga lokacin sai ki ƙara ja baya, ba ta bukatarki sai in fari ya yi tsawo. Kada ki lulluɓe saiwar da ciyawa ko busasshen ganye, kada kuma ki zuba mata ɗanyen taki.

Idan aka saɓa, ƙwayoyin bakteriya ne ke shiga. Ganye ya yi rawaya ya kwanta, saiwa ta yi laushi kamar dafaffen dankali, ga wari mai tayar da zuciya. Mu ma'aikatan jinya mun san wannan a wurin miki: wanda aka bari ya jiƙe fiye da kima, shi ne ke ɓaci.  Ki kwashe ruɓaɓɓen da cokali har ki kai ga farin nama mai tauri, ki bar wurin ya sha rana ya bushe, ki wanke cokalin kafin ya taɓa wata shukar. Ga kuma gargaɗi, tunda na ce tana kama da citta: saiwar airis ba abin ci ba ce, tana sa amai da gudawa da ciwon ciki. Kada ki ajiye ta a kicin ko inda hannun yara zai kai.

Ki ci gaba da gangarawa har ƙasan lambun, za ki tarar da ɗan tafkin da aka haƙa a 1967. A bakinsa akwai airis na Japan da na Luwiziyana, ƙafarsu cikin laka, kuma haka suke so. Sunansu ɗaya da na kan tudu, amma ruwan da ke raya wannan shi ke ruɓar da wancan. Saboda haka duk wanda ya ba ki saiwa, tambayar farko ita ce wane iri ne.

Masu son ƙamshi kuma, labarin bai ƙare a lambun ba. A tuddan Kiyanti da ke kudu da birnin, wajen ƙauyen San Polo, ana noman wani airis mai launin shuɗi-shuɗi saboda saiwarsa. Sai ta yi shekara biyu zuwa uku a ƙasa a tone ta, a fere da hannu, a shanya, a ajiye ta wasu shekarun. Tana ɗanya ba ta da wani ƙamshin kirki, a ajiye ne yake fitowa sannu a hankali. Man da ake samu daga gare ta yana cikin mafi tsadar kayan haɗa turare a duniya. Duk wadda ta taɓa daka kajiji don turaren wuta ta san ƙamshin da ke ɓoye a ƙarƙashin ƙasa.

Ga abokan aikina, akwai ƙarin dalilin zuwa a wannan lokaci. A garin nan aka haifi Florence Nightingale ranar 12 ga Mayu, 1820, sunan garin ma aka raɗa mata, kuma ranar ce aka mayar Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya. Tana faɗowa daidai lokacin da lambun ke cike da fure.

In kin shuka naki bai yi fure a shekarar farko ba, kada ki tone shi, kada ki ƙara masa ruwa don tausayi. Sau da yawa sai shekara ta biyu. Kowace saiwa sau ɗaya take fure, sannan ta fitar da 'ya'ya a gefenta su gaje ta. Bayan shekara uku ko huɗu za su cunkushe, sai ki tone ki rarraba, ki mayar da matasan ƙasa, sauran ki miƙa wa maƙwabciya. In za ki ba ta, ki haɗa mata da bayanin yatsa da bokiti. Allah ya sa albarka a abin da muka shuka.