Daga ƙirjin Dick Cheney zuwa asibitocin Ingila

A da, injin asibiti zaman kansa yake yi. A jona shi da wuta, ma'aikaciyar jinya ta danna maɓalli, sakamako ya fito a takarda. Mai son ɓata shi sai ya tako da ƙafarsa har cikin ɗaki. Da aka fara haɗa injuna da kwamfutoci, sauƙi ya zo: hoton ƙirji ya isa teburin likita ba mai ɗauka, wanda aka dasa wa na'ura a duba lafiyarsa yana kwance a gida. Sai dai masu ƙera su sun buɗe ƙofa ba su sa mata sakata ba, domin a zatonsu ba wanda zai yi sha'awar shiga.

Cikin waɗanda suka fara tsorata sosai akwai wani likita. A 2007 Jonathan Reiner ya sa aka kashe hanyar sadarwa ta iska a na'urar zuciyar da aka dasa wa Dick Cheney, mataimakin shugaban Amurka na lokacin, gudun kada maƙiya su aiko mata umarni daga nesa. Sai a 2013 labarin ya fito fili. Kafin nan masu bincike sun riga sun nuna tsoron ba na banza ba ne. A 2008 wasu malaman jami'a, cikinsu har da Kevin Fu, sun yi wa wata na'urar zuciya ta kamfanin Medtronic kutse a ɗakin gwaji. A 2011 Jay Radcliffe, mai ciwon suga, ya tsaya a taron masana tsaron kwamfuta na Black Hat a Las Vegas ya nuna yadda baƙo zai iya taɓa saitin irin na'urar insulin da shi kansa yake rayuwa da ita.

Amsar kamfanoni a wancan zamani kusan ɗaya ce: haɗarin kaɗan ne, ba a taɓa cutar da kowa ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi ta jan ƙafa, sannan ta motsa. A 2015 ta shawarci asibitoci su daina amfani da Symbiq, injin ƙarin ruwa na kamfanin Hospira. A Agustan 2017 aka kira masu na'urorin daidaita bugun zuciya na kamfanin St. Jude Medical kimanin 465,000 su je a sabunta musu manhaja.

Duk wannan lokaci ido yana kan makashi mai kwamfuta da ke farautar mutum ɗaya. A ganina nan aka yi kuskuren lissafi, domin ta wata hanya dabam bala'in ya biyo. Ranar 12 ga Mayu 2017 manhajar neman kuɗin fansa mai suna WannaCry ta bazu a duniya. Ba ta san asibiti ba, ba ta san banki ba. Duk kwamfutar Windows da ba a toshe wa wata kafa ba, shiga take yi ta kulle. Microsoft kuwa ya fitar da gyaran tun watan Maris. A Ingila abin ya taɓa kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin NHS, tsarin kiwon lafiya na gwamnati, aka soke ganin likita da ayyuka kimanin 19,000, wasu asibitoci suka juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri, ma'aikata suka koma biro da takarda. Gwamnati ta ƙiyasta asarar a fam miliyan 92.

Me ya sa asibiti ya fi saurin kamuwa? Injin ɗaukar hoto mai tsada ana sayensa ne ya yi shekaru goma ko fiye, kwamfutar da ke cikinsa kuwa ta tsufa tun kafin rabin haka. Ma'aikacin asibiti ba ya taɓa manhajarsa sai da yardar kamfani, kuma ba mai son kashe injin da marasa lafiya ke layi a kansa don a yi masa gyara na awa biyu.

A ƙarshen 2022 majalisar dokokin Amurka ta ba FDA ikon neman tsarin tsaro daga duk mai kawo sabuwar na'ura mai haɗuwa da intanet, har da jerin manhajojin da ke cikinta da yadda za a riƙa gyara su. Dokar ta fara aiki a Maris 2023. Sababbin na'urori take bi. Waɗanda aka sayar kafin nan suna can suna aiki a ɗakunan jinya.